An gyara injin, fistin na ƙwanƙwasa: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru wannan karon kusan duk maganarsu ɗaya: tsohuwar mota da mai ita yake ji da ita, an sauke injin, an kashe kuɗi, an mayar, sai ga wata ƙara da babu ita a da. Na zaɓi shida, na taƙaita tambayoyin don amsa ta samu fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Fijo 504 mai fetur, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, kuma na ƙudurta ba zan sayar ba. Kwanakin baya aka yi mata ringin, wato aka sauya zobban fistin. Hayaƙi ya ragu, amma tun daga lokacin duk safiya in na tayar da ita sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga cikin injin. In ta yi kamar minti goma tana aiki sai ƙarar ta lafa. Bakanikena ya ce in kawo kuɗin fistin huɗu. In saya? Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Mai yiwuwa bakanikenka ya gano inda ciwon yake, amma maganin da ya rubuta rabi ne, kuma rabin magani a cikin injin asarar kuɗi ce.

Ƙarar da ka kwatanta, mai zuwa da sanyi ta tafi da zafi, ita ce ƙarar fistin da ya samu fili a cikin silinda. Fistin da alminiyom ake yin sa, silinda kuwa baƙin ƙarfe ce. In zafi ya kama su, alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake buɗewa. Saboda haka masu ƙera injin suke barin 'yar tazara tsakanin jikin fistin da bangon silinda, don in ya ɗau zafi ya cika wurin ba tare da ya maƙale ba. A irin waɗannan injuna tazarar ba ta wuce 0.03 zuwa 0.08 na milimita ba, gwargwadon injin, wato kusan kaurin silin gashi guda. In tazarar ta wuce ƙa'ida, duk lokacin da fistin ya kai ƙololuwa zai juyo ƙasa, sai ya karkata, siket ɗinsa, wato ɓangaren da ke ƙasan zobba, ya mari bango. Wannan marin kake ji. Da injin ya yi zafi fistin ya kumbura, fili ya ragu, ƙara ta lafa. Da sanyin hunturu za ka ji ta fi tsawo, don ƙarfen ya kwana cikin sanyi.

Za ka ce to me ya sa ba ka ji ta ba kafin ringin? Dalili biyu ne ko uku. Tsohon injin yana tara dattin ƙuna da daskararren mai a jikin fistin, wannan dattin yana cike wani ɓangare na filin. Ranar gyara aka wanke shi tas da fetur, aka kankare. Sannan aka goge cikin silinda da dutse ko samfefa don sabbin zobba su kama, kowace gugar kuwa tana cin ƙarfe. Aka mayar da tsohon fistin da ya riga ya zaizaye cikin ramin da aka ƙara wa faɗi. Zobba sun toshe hayaƙi, amma zobe ba ya riƙe fistin a tsaye, wannan aikin siket ne.

Akwai kuma wani abin da ringin yake haifarwa wanda ake ɗauka fistin ne. A can saman silinda, inda tsohon zobe yake tsayawa ya juyo, ƙarfe yana cinyewa ya bar ɗan tudu da za ka ji da farce. Tsohon zobe bakinsa ya riga ya sulɓe daidai da tudun. Sabon zobe kuwa bakinsa da kaifi, sai ya riƙa dukan tudun duk hawa: tak, tak, tak. Ita wannan ƙarar ba ta jin zafi, ba ta lafawa, kuma tana iya karya zoben ko ta fasa gurbin da yake zaune. Tunda taka tana lafawa, na fi zargin fili. Amma in aka buɗe, a duba tudun.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a yi gwaji da safe injin na da sanyi. A bar shi a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. Silindar da ƙara ta ragu lokacin da aka kashe mata wuta, ita ce mai laifi. Sai a kashe injin, a cire fulogin nan, a zuba cokali guda na baƙin mai mai kauri ta ramin, a juya injin kaɗan ba tare da fulogin ba don man ya bi bango, a mayar da fulogi a tayar. In ƙarar ta ɓace na ɗan lokaci sannan ta dawo, fili ne tsakanin fistin da bango. In ba ta ko motsa ba, a nemi ciwon a wani wurin. Ka kuma lura da wannan, don shi ne ya raba ƙarar da ake haƙuri da ita da wadda ake ajiye mota a kanta: ƙarar metal na kwanrod, wato shimfiɗar da ke gindin sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf, akasin taka take. Da sanyi tana ɓuya saboda mai yana da kauri, da zafi take fitowa, tana da nauyi, dum-dum daga ƙasan injin, tana ƙaruwa in an taka totur, wani lokaci har fitilar mai ta riƙa ƙiftawa a silo. Mai jin wannan ya kashe mota nan take, in ba haka ba injin zai buga.

Yanzu batun saye. Injin 504 mai cc 1971, wanda faɗin silindarsa milimita 88 ne, ba a cikin jikin bulok aka huda silindojinsa ba. Silif ne, wato bututun ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a ciki, guda huɗu da ake zarewa, ruwan lagireto yana zagaya bayansu kai tsaye. Wannan baiwa ce ga mai tsohuwar Fijo, kuma tana cikin dalilan da suka sa motar ta daɗe a hannun mutanenmu tun da kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975: ba sai an kai bulok an faɗaɗa ba, sai dai a zare tsohon silif a sa sabo, injin ya koma ma'auninsa na asali. To amma silif da fistin a haɗe ake auna su tun daga masana'anta, kowane fistin da abokin zamansa. In ka sayi sabon fistin kaɗai ka zura shi a tsohon silif, ka gyara gefe ɗaya na filin ka bar ɗayan. Silif ɗin da ya yi shekaru yana aiki ba a zagaye yake ba kuma, ya fi cinyewa ta gefen da fistin ke jingina, sama kuma ta fi ƙasa faɗi.

Don haka abin da za ka nema shi ne awo. A auna fistin da maikiromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a siket, ta gefen da ya gicciye fil ɗinsa, wato ƙarfen da ya haɗa shi da kwanrod, don fistin da gangan ba a yi shi zagayayye ba, kuma kansa ya fi siket ƙanƙanta. A auna cikin silif da ma'aunin rami a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. In garejinku babu waɗannan kayan, masu yankan kiranshaf suna da su, a ɗauki kayan a kai musu. A rubuta maka lambobin a takarda, a gwada da abin da littafin injin ya ce. In sun wuce ƙa'ida, sayi cikakken saiti: silif, fistin, fil da zobba, guda hurhuɗu, tare da sabon abin toshe gindin silif da sabon gasket. Girgiza fistin da hannu a cikin silif a ce "ai da sauransa" ba awo ba ne, don yatsa ba ya jin bambancin 0.05 da 0.12, a tsakanin nan kuwa ƙarar take zaune.

In kuɗin saitin bai samu ba yanzu, ga gaskiyar magana: fistin da ke ƙara da sanyi kawai, ya yi shiru da zafi, injin ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, zai iya kai ka lokaci mai tsawo. Ka bar ta ta ɗumama kafin ka matsa mata, ka riƙa duba mai. Kuma ka tambaya ko tamostat, wato abin da ke tare ruwan lagireto har injin ya ɗumama, na nan. Kanikawanmu da yawa suna cire shi da niyyar hana mota zafi, ni kuwa ban taɓa yarda da wannan ba. Injin da babu tamostat yana daɗewa cikin sanyi, fistin yana daɗewa yana marin bango, kuma a wannan lokacin ne silinda ta fi cinyewa. Ranar da ƙarar ta daina lafawa da zafi, haƙuri ya ƙare, a sauke injin.

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Ingila ya ce zai aiko mini da fistin irin na motocin tsere in sa wa 504 ɗina, wai sun fi ƙarfi. A kasuwa kuma an nuna mini iri biyu: sababbi masu araha da ba su da suna, da kuma 'yan Beljiyam da aka cire daga wani injin. Wanne zan ɗauka? Daga Katsina.

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka, niyyarsa kyakkyawa ce. Amma ka ce masa ya bar na tseren.

Fistin iri biyu ne a wajen ƙira. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyom a zuba a mazubi, shi ne motarka ta zo da shi. Akwai na dannawa, wanda ake matse curin alminiyom mai zafi da injin mai tsananin ƙarfi har ya ɗauki siffa. Na dannawar ya fi jure duka da zafi, gaskiya ne. Sai dai wanda aka fi yi wa motocin tsere, mai lambar haɗi 2618, kusan babu sinadarin silikon a cikinsa, silikon kuwa shi ke rage wa alminiyom kumbura. Saboda haka yana buɗewa sosai da zafi, dole a bar masa tazara mai faɗi, sau da yawa ninkin ta na zubi ko fiye. Ma'ana, ko an haɗa shi daidai ƙa'ida, zai yi ƙara da safe, haka aka yi shi. In kuma bakanike ya ji tsoron ƙarar ya matse shi da tazarar na zubi, ranar da ka hau doguwar hanya da rana zai kumbura ya kama bango. Akwai mai lamba 4032 da ke da silikon kusan kashi 12 cikin 100, ya fi shiru, amma shi ma ƙarfi ne da injinka ba ya buƙata. Injin da ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, wanda aikinsa kai ka gona da ɗaurin aure, fistin na zubi mai kyau ya ishe shi. In yaron yana son taimakawa, ya nemo cikakken saiti da silif daga sanannun masu ƙera fistin, irin su Mahle na Stuttgart ko Kolbenschmidt na Neckarsulm a Jamus, in suna da na injinka. Ka tura masa lambar injin, kada ka tsaya a sunan mota, don 504 ta fito da injuna daban-daban, akwai mai cc 1796, akwai mai 1971, akwai masu gas.

Na kasuwa kuma, ko a Ƙofar Ruwa kake ko Panteka ko Ladipo, kwali ba hujja ba ne, ana kwaikwayon kwalin manyan kamfanoni. Tafi da bakanikenka da maikiromita. A auna huɗun, su zo daidai da juna. A ɗora su a ƙaramin sikeli, kada wani ya fi wani nauyi da yawa. A zura fil a ji ko yana girgiza. A sa zobe shi kaɗai a cikin silif a auna giɓin da ke tsakanin bakinsa biyu da fila geji, wato siraran ƙarafan auna giɓi: ƙa'idar da aka saba ita ce kusan 0.1 na milimita ga kowace milimita 25 ta faɗin silinda, wato wajen 0.35 a silinda mai 88. Mai kayan da ya amince da kayansa ba zai hana ka awo ba.

'Yan Beljiyam ba na hana su gaba ɗaya, don wani tsohon na asali ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Sharaɗina shi ne su zo da silif ɗinsu, daga injin guda, kowanne da alamar ramin da ya fito, kuma su ci awo. Fistin da injinsa ya taɓa tafasa siket ɗinsa yana iya lotsawa ciki, ido ba zai gani ba, sai maikiromita.

Tambaya: Ni komai sabo na saya wa 505 ɗina, silif da fistin da metal. Duk da haka akwai ƙara a silinda ɗaya, da sanyi da zafi. Bakanike ya ce kayan ne jabu, mai kaya ya ce haɗin ne ba daidai ba. Wa zan kama? Daga Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kama kowa sai injin ya ba da shaida. Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Tafet, wato abin da ke tura bawul, da aka bari da fili yana tak-tak daga saman injin, a rabin saurin juyawar kiranshaf. Gasket na bakin salansa in yana fitar da iska yakan yi wata ƙara da ke ruɗin kunne. Sarƙar taimin mai sako-sako ma tana kaɗawa daga gaba. Dogon sukundireba, baki a jikin injin, ƙota a kunne, zai nuna maka daga ina sautin ya fi ƙarfi, a yi hankali da fanka da fanbel.

In duk waɗannan lafiya, abin da na fi zargi shi ne an juya fistin. Mutane da yawa ba su san cewa a yawancin injuna ramin fil ba a tsakiyar fistin yake cif ba. An gusar da shi gefe da kamar milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, zuwa ɓangaren da fistin yake jingina lokacin da wuta ta tura shi ƙasa. Hikimar ita ce in ya kai ƙololuwa ya sauya bango a hankali, siket ya fara taɓawa sannan sauran jiki ya biyo, maimakon ya faɗa gaba ɗaya. Shi ya sa ake buga kibiya ko wata alama a kan fistin. In aka juya shi, gusarwar da aka yi don kashe ƙara sai ta koma tana ƙara ta. Ba sai an kwance injin za a gani ba: akwai 'yar kyamara mai igiya da ake haɗawa da wayar hannu, a zura ta ramin fulogi a ga ko kibiyoyin huɗu suna kallon wuri ɗaya.

Na biyu, fil ɗin da ya haɗa fistin da kwanrod. An sa sabon fil, amma an duba ƙaramin idon kwanrod da yake shiga? In bushin wurin ya cinye, za a ji ƙara mai kaifi, bibbiyu a jere, ta fi fitowa a silo, kuma cire wayar fulogi ba ya kashe ta, wani lokaci ma ƙara fito da ita yake yi. Na uku, kwanrod da ya lanƙwashe, musamman in injin ya taɓa shan ruwa. Shi yana tafiyar da fistin a karkace, in an zaro za a ga gugar siket ta bi a gicciye. Na huɗu, in an sha yanke fuskar tof silinda, wato kan injin da ke rufe silindoji, ko an sa fistin da tsayinsa ya ɗara na asali, kansa yana iya taɓa sama ko ya sumbaci bawul, zai kuwa bar tabo mai sheƙi.

Kowanne daga cikin waɗannan yana barin alama. Ranar buɗewa ka kasance a wurin, ka gayyato mai kayan ko yaronsa, a auna a gaban kowa. In tazara ta wuce ƙa'ida a sabon saiti, kayan ne. In kibiya ta juya baya, hannu ne. Ka yi maganar cikin mutunci, don bakaniken da aka ci wa fuska a gaban yaransa ba zai ƙara buɗe maka zuciyarsa ba, kai kuwa da tsohuwar mota kana buƙatarsa. Abu ɗaya kuma: da zarar an ɗaga tof silinda a injin mai irin wannan silif, a danne silif ɗin da ƙarfe da noti kafin a juya kiranshaf. In suka ɗaga, toshin gindinsu ya lalace, ruwa zai gangara cikin mai.

Tambaya: Tun da aka yanke mini tof silinda, in ina hawa tudu a babbar giya sai in ji cakar-cakar siririya, in na sassauta totur ta ɗauke. Fistin ne? Daga Bauci.

Amsa: Ba fistin ne ke yin ta ba, amma fistin take ci. Yankan da aka yi ya rage ɗakin ƙuna, matsi ya ƙaru, sai ragowar fetur da iska suke fashewa da kansu kafin wutar fulogi ta iso gare su. In aka bar ta, tana karya gurbin zobba, tana iya huda kan fistin. Kada ka sayi komai sai an saita taimin da fitilar taimin, ba da kunne ba, an duba kafireta ko tana ba da mai kaɗan, an tabbatar fulogin irin na injin ne kuma lagireto na sanyaya ruwa. In ta ƙi, a nemi gasket mai kauri ko wani tof silinda da ba a yanke ba. Kafin nan, in ka zo tudu ka sauko da giya.

Tambaya: Ina gyara Volkswagen Beetle mai cc 1600. Mai kaya ya ce in ɗauki silinda da fistin masu milimita 87 maimakon 85.5, wai za su shiga ba tare da yanka ba kuma mota za ta ƙara ƙarfi. Ina tsoron ƙara, don wadda na cire tana yi. Daga Kumasi.

Amsa: Ɗauki 85.5. Gaskiya ne masu 87 suna shiga, kuma suna ɗaga injin daga cc 1584 zuwa 1641. Amma ka tambayi kanka daga ina ƙarin faɗin ya fito, tunda bayan silindar bai canza ba: daga kaurin bango aka cire shi. Injin Beetle iska ke sanyaya shi, babu ruwa, silindarsa tana shan zafin da ta Fijo ba ta sani ba. Bango mai sirantaka yana saurin murɗewa, zobba su daina kamawa, fistin ya samu fili, ƙarar da kake gudu ta dawo tare da hayaƙi. Ƙarin cc 57 bai kai wannan kasadar ba a ƙasa mai zafi.

Sabon saiti tazararsa 0.04 zuwa 0.06 na milimita ce, kuma kada a cakuɗa su, kowane fistin ya koma silindar da ya zo a ciki. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon fulawil, wato faifan ƙarfen da ke gefen giya, duka huɗun. A nan ake yawan kuskure, domin silindoji biyu suna dama biyu suna hagu, mai haɗi yana zagaya injin sai lissafi ya juye masa. A tabbatar zoben waya da ke tare fil ya zauna a gurbinsa ta kowane gefe, don in ya fita fil zai tsaga bangon silinda. Bawul kuma a saita tazararsa 0.15 na milimita injin na da sanyi sosai.

Roƙona gare ka shi ne ka mayar da duk gwangwanayen da ke lulluɓe injin, har ƙananan da ke ƙarƙashin silinda, da robar da ta zagaye ɗakin injin. Su ke tilasta iskar fanka ta bi ta inda ake so. Beetle da aka watsar wa waɗannan, ko wane irin fistin aka sa mata, zafi zai cinye shi. Kayan gyaranta kuwa ba su yi wuya ba, tunda an ci gaba da ƙera motar a Meziko har 2003.

Tambaya: An kai ni ganin Marsandi 240D da aka ce an yi wa injinta obahol. Na tarar an riga an tayar da ita, tana ɗan ƙwanƙwasa, mai ita ya ce haka gas yake, kuma in na zuba mai mai kauri da maganin ƙara za ta yi shiru. Mijina ya bar mini zaɓi. In biya? Daga Kano.

Amsa: Hajiya, kada ki biya sai kin ji ta da sanyi. Ki ce za ki dawo da sassafe da bakanikenki, kada a tayar kafin ku iso, in kun zo ya ɗora hannu a jikin injin ya tabbatar ya kwana. Ba na cewa mai motar yana ɓoye wani abu, amma injin mai zafi yana rufe ƙarar fistin da wuyar tashi da hayaƙin farko, waɗannan ukun kuwa su kike son gani.

A maganarsa akwai gaskiya. Injin gas na wannan Marsandi, ƙirar da aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, matsinsa ya kai 21 bisa 1, kuma yana da ƙwanƙwasar da take tasa ko yana lafiya lau. Amma ta lafiya a jere take, silinda huɗu murya ɗaya. In ɗaya ta fita daban da kaifi, sau da yawa nozul ne yake zubar da mai maimakon ya fesa, wannan gyara ne mai sauƙi. Bakanike zai sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya ya gano silindar, yana kare hannunsa da idonsa don man yana fita da matsin da ke huda fata. Sai ya musanya nozul ɗin da na wata silinda. In ƙarar ta bi nozul, ki yi ciniki a rage miki kuɗinsa. In ta tsaya a inda take, ciwon na cikin injin ne.

A buɗe murfin zuba mai injin na silo: ɗan tururi ba komai, amma in yana huci yana tura murfin sama, zobba ba su kama ba. A gwada matsin kowace silinda da ma'aunin injin gas. Ki kuma nemi rasiɗin kayan da aka saya da sunan wurin da aka yi aikin ƙarfen, domin kalmar obahol a bakin wani cikakken aiki ce, a bakin wani kuwa zobba da gasket ne kawai.

Batun mai, 20W-50 ya dace da tsofaffin injuna da yawa a zafinmu, kuma zai iya rage sautin kaɗan. Amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, maganin gwangwani ma haka. In kika ja sandar duba mai kika ga yana bin ta da yauƙi fiye da kima, ki ɗauka an riga an zuba. A wannan hali ki sa kuɗin sauke injin gaba ɗaya a cikin lissafinki kafin ki taya, in mai ita bai yarda da ragin ba ki nemi wata.